Shari'a da Alheri a Rayuwar Mai Bi

(Jawabin da wani malamin Littafi Mai Tsarki ya gabatar a taron fastoci, masu bishara da dattawan ƙananan ikilisiyoyinmu. Mun buga shi kamar yadda ya faɗa, sai ɗan gyara kaɗan.)

Na san akwai waɗanda suka baro gida tun asubar jiya, wasu a bayan akori-kura, wasu a kan babur. Allah ya sāka muku.

An ba ni in yi magana a kan Shari'a da alheri. Kafin in shiga, bari in share wata ƙura. Tun shekarar 2000, da jihar Zamfara ta fara hukunta laifuffuka bisa shari'ar Musulunci, sauran jihohi suka bi har suka kai 12, da zarar an ce "shari'a" a cikinmu, sai hankali ya tafi kotu da alƙali da 'yan hisba. Ba wannan za mu tattauna yau ba. Shari'ar da nake nufi ita ce Attaura, wadda Allah ya ba Isra'ilawa ta hannun Musa. Da Ibrananci ana ce da ita Tora, ma'anarta kuwa ta fi kusa da koyarwa ko nuna hanya. Malaman Yahudawa sun ƙirga umarnan da ke cikinta suka ce 613 ne, 248 na "ka yi", 365 na "kada ka yi". Alheri kuma shi ne kyautar da Allah ya yi wa wanda bai cancanta ba, wanda kuma ba shi da abin biya.

Da yawa cikinmu mun tashi da tunanin cewa Tsohon Alkawari littafin Shari'a ne, Sabon Alkawari kuma littafin alheri, kamar dai Allah ya yi shekaru yana fushi, sa'an nan ya huce. To, ku buɗe Littafin Fitowa ku duba yadda al'amura suka jeru. A sura 12 aka yi Idin Ƙetarewa. A sura 14 aka haye teku. A sura 16 aka ci manna. Dokoki Goma ba su zo ba sai a sura 20. Wace doka Isra'ilawa suka kiyaye a Masar da ta sa aka fanshe su? Babu ko ɗaya, domin ba a ba su ba tukuna. Sai da Allah ya fitar da su, ya ciyar da su, ya shayar da su, sa'an nan ya zaunar da su a gindin Dutsen Sina'i ya nuna musu yadda fansassun mutane za su yi zama. Ko Dokoki Goma ɗin ma, kafin ya ba da umarni na farko, sai da ya tuna musu cewa shi ne ya fisshe su daga bauta. A Maimaitawar Shari'a sura 7 Musa ya faɗa musu a fili cewa ba don yawansu aka zaɓe su ba, su ne ma mafi ƙanƙanta cikin al'ummai. Mu da muke taruwa mu ashirin ko talatin a ƙarƙashin rufin kwano, ya kamata wannan sura ta yi mana daɗin karantawa.

Manzo Bulus ya koma baya fiye da haka. A Galatiyawa sura 3 ya ce alkawarin da Allah ya yi wa Ibrahim ya riga Shari'a da shekara 430, kuma abin da ya zo daga baya ba ya soke alkawarin da aka riga aka ƙulla. A Romawa sura 4 ya nuna cewa a Farawa sura 15 aka lasafta wa Ibrahim bangaskiyarsa adalci, kaciya kuwa sai a sura 17 ta zo. Wato yana marar kaciya Allah ya karɓe shi.

To, in haka ne, me ya kawo Shari'a? Bari in ba ku misali daga kasuwa. Ka ranci mudu goma na dawa da bazara, kaka ta yi ka zo biya. Aka kawo mudu aka auna, sai aka sami bakwai. Mudun bai cuce ka ba, gaskiya ya faɗa. Amma ko ka kwana kana aunawa, ko ka auna sau ɗari, mudu ba zai ƙara maka ƙwaya ɗaya ba. Aikinsa awo ne. Haka Shari'a take. Bulus bai taɓa zaginta ba. A Romawa sura 7 ya kira ta mai tsarki, mai adalci, mai kyau. Ya ce da ba don ita ba, da bai gane ƙyashi zunubi ne ba. Matsalar tana cikin buhunmu, dawarmu ce ba ta cika ba.

Akwai wata kalmar Helenanci da ya yi amfani da ita a Galatiyawa sura 3, wato paidagogos. A gidajen masu hali na zamanin, bawa ne amintacce da ake ɗora wa kula da yaro. Shi ke raka shi makaranta, ya hana shi yawon banza, ya tsawata masa, wani lokaci har da bulala. Ba shi ne uban ba, ba kuma shi ne zai ba da gādo ba. Ran da yaro ya balaga, aikin wannan bawa ya ƙare, ko da yake tarbiyyar da ya ba shi tana nan a jikinsa. Bulus ya ce haka Shari'a ta yi mana har zuwan Almasihu.

Wannan magana ta kusa raba ikilisiyar farko biyu, kuma a kan akushi abin ya faso. A Antakiya, garin da aka fara kiran masu bi Kirista (yana cikin ƙasar Turkiyya a yau), Yahudawa da al'ummai suna cin abinci tare. Bitrus ya zo, ya sa hannu a kwano ɗaya da marasa kaciya, babu wata damuwa. Sai ga wasu baƙi daga wurin Yakubu a Urushalima. Bitrus ya fara ja da baya. Yau ya ce ba ya jin yunwa, gobe ya zauna can gefe da 'yan garinsu. Wannan ƙarin gishirina ne, amma kun san yadda ake yi. Sauran Yahudawa suka bi shi, har da Barnaba, mutumin da ya yi wa al'ummai wa'azi da bakinsa. Bulus ya tashi a gaban jama'a ya tsauta wa Bitrus.

Ku lura, Bitrus bai yi wa'azin ƙarya ba. Da an tambaye shi ta yaya mutum ke samun ceto, da ya amsa daidai. Wurin zamansa kawai ya canja. Amma wurin zaman nan ya yi wa'azi da ƙarfi fiye da bakinsa. Ya gaya wa kowane Ba'al'umme da ke ɗakin cewa jinin Yesu ya kai shi bakin ƙofa, amma in yana so ya hau tabarma sai ya ƙara da wani abu. Abin da ya motsa Bitrus kuwa tsoro ne, tsoron abin da mutanen gida za su ce. Mu nan mun san wannan tsoro sarai.

Wajen shekara ta 49 manzanni da dattawa suka zauna a Urushalima, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 15 ta ba da labari. Wasu masu bi daga ɗariƙar Farisiyawa suka ce dole a yi wa al'ummai kaciya, a sa su bi Shari'ar Musa. Bitrus ya tashi ya ce wannan karkiya ce da su da kakanninsu suka kāsa ɗauka, kuma Bayahude da Ba'al'umme duk ta alherin Ubangiji Yesu za su tsira. Aka rubuta wasiƙa, ba a ɗora kaciya ba. An dai roƙe su su guji abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da mushen da aka maƙure, da fasikanci. Ba domin su sayi ceto da waɗannan ba, sai domin su rabu da bautar gumaka, su kuma iya zama a akushi ɗaya da 'yan'uwansu Yahudawa.

Da wannan taro ya kashe maganar, da ban tsaya a gabanku yau ba. Ikilisiya ta yi ta faɗawa rami, wani lokaci na dama, wani lokaci na hagu. Wani attajiri mai jiragen ruwa, Markiyon, ya zo Roma yana koyar da cewa Allah na Tsohon Alkawari dabam ne da Uban Yesu. Ya yar da Tsohon Alkawari gaba ɗaya, ya riƙe Bisharar Luka da ya yi wa aski da wasiƙun Bulus goma. Ikilisiyar Roma ta fitar da shi a shekara ta 144. Bayan shekara wajen 250 sai ga Felajiyus, mutumin Birtaniya, mai kamun kai ƙwarai, wanda lalacin Kiristocin Roma ya dame shi. Ya ce tun da Allah ya umarta, to, mutum yana da ikon cikawa da ƙarfin nufinsa. Wanda ya tsaya masa ɗan Afirka ne, Agustin, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya yanzu. Agustin ya ce ko son yin nagarta ma sai Allah ya ba mutum. Majalisar da ta zauna a Kartaj, cikin Tunisiya ta yau, ta ƙi koyarwar Felajiyus a shekara ta 418.

Labarin Martin Luta kun sha jinsa. Ya shiga gidan sufaye a 1505, ya yi azumi, ya yi ta furta zunubansa har mai sauraronsa ya gaji, bai sami kwanciyar rai ba. Yana auna buhunsa dare da rana, kullum bakwai yake samu. Sai da ya yi ta nazarin Romawa sura 1 ya gane cewa adalcin Allah da bishara ta bayyana kyauta ne da ake karɓa ta bangaskiya. A 1517 ya fito da batutuwansa 95 a kan sayar da takardun yafe horon zunubi. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne, bayan shekara ashirin, wani almajirinsa mai suna Agirikola ya fara koyar da cewa ba a bukatar wa'azin Shari'a a ikilisiya sam. Luta ɗin nan dai shi ne ya tashi ya yi rubutu yana ƙaryata shi. Shi ne kuma ya sa Dokoki Goma a farkon littafin katikisma da ya rubuta wa yara a 1529.

Tun da akwai 'yan'uwanmu Katolika a taron nan, bari in ƙara wannan. Ran 31 ga Oktoba 1999, a garin Augsburg na Jamus, wakilan Ikilisiyar Katolika da na Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu a takarda ɗaya. Suka yarda tare cewa ta alheri kaɗai, cikin bangaskiya ga aikin Almasihu, Allah ke karɓar mutum, ba don cancantarsa ba, kuma Ruhu Mai Tsarki ne ke sabunta zuciya ya kira mutum ga ayyuka nagari. Methodist suka shiga a 2006, ikilisiyoyin Reformed a 2017. Bambance-bambance ba su ƙare ba. Amma in manyanmu sun iya zama bayan kusan shekara 500, mu da ke ƙauye ɗaya, muna shan rijiya ɗaya, ba mu da hujjar ƙin gaisawa.

Yanzu bari mu dawo gida, don nan ne ƙaya take.

Kakana Bamaguje ne, bishara ta same shi da mata biyu. Ya ba da gaskiya, ya fasa tukwanen tsafinsa, ya bar giya, shi ya ba da filin da aka gina ɗakin sujada. Aka ce ba za a yi masa baftisma ba sai ya saki ta biyun. Ya ce wannan mata ta haifa masa 'ya'ya biyar, ba ta yi masa laifin komai ba, in ya kore ta ina za ta? Ya zauna a bencin baya fiye da shekara ashirin. Duk ranar jibin Ubangiji, in an zo rarraba gurasa, sai ya tashi a hankali ya fita ya zauna a gindin darbejiya har a gama. Ina yaro nakan bi shi, ina tsammani zafi ne ya fitar da shi. Ya rasu ba a yi masa baftisma ba. Waɗanda suka hana shi ba mugaye ba ne, mutanen kirki ne da suke so su tsare koyarwar aure, ni ma kuwa na gaskata mace ɗaya da miji ɗaya ne nufin Allah tun farko. Amma har yau ina tambayar kaina, wane wa'azi bencin nan ya yi wa ƙauyenmu? Mutanen garin sun koyi cewa Yesu yana gafarta wa mai tsafi da mashayi, amma akwai abin da sai ka gyara da hannunka tukuna.

Ba mu kaɗai muka yi fama da wannan ba. Taron bishop-bishop na Anglican a Lambeth ya hana yi wa mai mata fiye da ɗaya baftisma a 1888. Bayan shekara ɗari cif, a 1988, bisa roƙon bishop-bishop na Afirka, taron ya yarda a yi masa, da sharaɗin ba zai ƙara aure ba muddin matansa suna da rai, jama'ar ikilisiyar wurin sun amince, kuma ba za a tilasta masa ya kori ko ɗaya ba. Ban ce kowace ɗariƙa ta bi wannan ba. Kowa yana da tsarin ikilisiyarsa, ba ni kuma da ikon canja shi daga wannan mumbari. Ina dai roƙo mu bambanta abin da Allah ya ce da abin da muka ƙara don tsaron gida.

Ƙarin namu kuwa suna da yawa. Ƙaramar ikilisiya da ke zaune a tsakiyar masu wani addini takan ji idon gari a kanta, gaskiya ne kuma ana kallonmu. Saboda haka mukan yi ta ƙara shinge: tsawon zane, irin ɗaurin kallabi, wanda za a gaisa da shi, katin zakka da ake dubawa kafin a yarda a binne mutum. Wasu shingayen suna da amfani. Amma in yarinya ta yi ciki aka sa ta a horo wata shida, yaron da ya yi mata cikin kuwa yana nan yana kaɗa ganga a ƙungiyar mawaƙa domin babansa dattijo ne, wannan ko Shari'ar Musa ba ta yarda da shi ba, balle alheri. In kuma wata shidan ya cika, ba wanda ya je gidansu ko sau ɗaya, ba wanda ya yi addu'a da ita, to, me muka yi? A 2 Korantiyawa sura 2 Bulus ya roƙi ikilisiya ta yafe wa wanda aka hora, ta ƙarfafa shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Nawa ne cikin 'ya'yanmu suka bar mu ta wannan ƙofa? Ku da kuke riƙe da littafin sunaye kun fi ni sani. Mu da ba mu da yawa, kowane ɗaya da ya fita, gurbinsa a benci yana nan a fili.

Kada matasa su yi saurin tafa mini, don yanzu na juyo kanku. Na sha jin ana cewa, "Ai muna ƙarƙashin alheri," a bakin wanda ya ci kuɗin baiko, ko ya riƙe bashi shekara uku yana sa sabuwar shadda. Bulus ya san za a yi haka, shi ya sa a farkon Romawa sura 6 ya yi tambaya ko za mu ci gaba da zunubi don alheri ya ƙaru, ya kuma amsa da a'a mai ƙarfi. Wani fasto Bajamushe, Dietrich Bonhoeffer, ya kira irin wannan alheri mai araha a littafin da ya fitar a 1937, wato gafara ba tare da tuba ba. Shi bai same shi da araha ba, gwamnatin Hitila ta rataye shi ran 9 ga Afrilu 1945. Ubangiji da kansa, a Matiyu sura 5, ya ce cika Shari'a ya zo yi, sa'an nan ya kai ta har cikin zuciya: ya haɗa fushi da kisankai, ya haɗa kallon sha'awa da zina. Hadayun dabbobi sun ƙare domin Almasihu ya miƙa kansa sau ɗaya, kamar yadda Ibraniyawa ta bayyana. Dokokin abinci da kaciya ba su kan al'ummai. Amma ba a taɓa soke hana sata ba, ko shaidar zur, ko raina iyaye. Annabi Irmiya a sura 31 ya ce a sabon alkawari za a rubuta Shari'a a zuciya.

Maƙwabtanmu Musulmi sukan tambaye mu, wani lokaci da ba'a, wani lokaci da son sani na gaske, "Ku addininku ba shi da dokoki ne?" Ga yadda nakan amsa. Ku dubi gandu da damina. Ga ɗan ƙodago, ga ɗan mai gona, suna noma kunya ɗaya, fartanya iri ɗaya, gumi iri ɗaya. Wanda ya hango su daga hanya ba zai bambanta su ba. Amma ɗan ƙodago yana duban rana yana lissafin kuɗinsa, in ya yi rashin lafiya gobe, shi ke nan, wani za a ɗauka. Ɗan gida kuwa ba noma ne ya mai da shi ɗa ba, haihuwarsa aka yi. In ya kwanta ciwo za a kai masa kunu har ɗaki. Duk da haka shi ne ke riga kowa zuwa gona, shi ne ke komawa da dare in ya ji shanu sun shiga, domin gonar ta gidansu ce. Ɗan da ya ce tun da shi ɗa ne bari ya kwanta a inuwa gero ya lalace, sai a tambaya ko ya san gidan da ya fito. Wannan ne Bulus yake faɗa a Galatiyawa sura 4, shi ne kuma Yakubu yake nufi da ya ce bangaskiyar da ba ta da aiki matacciya ce. Afisawa sura 2 ta haɗa su a wuri ɗaya: aya 8 da 9 sun ce ceto kyauta ne, aya 10 ta ce an halicce mu domin kyawawan ayyuka.

Ku tuna da Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko. Yesu bai tsaya a gindin itace ya ce masa ya fara mayar da kuɗin mutane kafin ya shiga gidansa ba. Ya shiga, mutane suna gunaguni. A cikin gidan ne Zakka ya miƙe ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Shari'a ta san da biyan ninki ga ɓarawo, amma ba inda ta ce a ba da rabin dukiya. Shekara nawa mutanen Yariko suka yi suna ƙyamarsa, ba su sami ko anini daga hannunsa ba?

Shugaba yana nuna mini agogo. Bayan cin abinci za mu rabu ƙungiya-ƙungiya. Ina roƙon dattawan kowace ikilisiya su zauna tare da takarda, su rubuta dukan abin da suke bukata daga mutum kafin a yi masa baftisma ko a ba shi jibi, sa'an nan a gefen kowanne su rubuta ayar da ta ce haka. Wanda ba a sami aya ba, a sa masa alama, mu tattauna shi da yamma. A bayan takardar kuma a rubuta sunayen waɗanda aka sa a horo cikin shekara biyar da suka wuce, da inda kowannensu yake yanzu, da sunan dattijon da zai je gidansa kafin ƙarshen wata. Wannan shafi na biyu ba za a karanta shi a taro ba, ku koma da shi gida.

Baba Fasto, sai ka yi mana addu'a.